Gayyatar cin abinci a Faransa: wace kwalba mara barasa za ka riƙa?

A Faransa in maƙwabci ya gayyace ka cin abincin dare, ba a zuwa hannu rabbana. Yadda muke riƙe goro ko 'yar tsaraba, su kwalba suke riƙewa, kuma kusan kullum giyar inabi ce. Wanda ba ya sha sai ya rasa tudun dafawa. In ya ɗauki lemon roba na babban kanti, zai ji kamar ya raina masu gida. In ya kai furanni ko cakulan ya fita kunya, amma me shi zai sha a zaman da kan kai awa uku?

A unguwarmu akwai ɗan shago irin wanda suke kira cave, mai shi kuma caviste. Gaba kantoci ne shaƙe da kwalabe daga ƙananan manoman inabi, kowace da sunan ƙauye da na gona. Can ciki tebura huɗu ne inda masu sha ke zama da yamma. Na daɗe ina wucewa ban ko leƙa ba, har ranar da wani abokin aiki ya ce mini a ƙasan kantar hagu akwai layi guda na abin da babu barasa, daga gonakin nan dai. Daga wannan layin na koyi yawancin abin da zan faɗa.

Akwai maganar da ta riga zaɓen kwalba. Hadisi ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma 'yan'uwa da yawa ba za su taka ƙofar irin wannan shago ba ko da ruwa za su saya. Ina girmama wannan ƙwarai. Ni kaina ba na zama a teburan cikin. Duk abin da zan lissafa ana samunsa a wajen da ba a zuba wa kowa giya: kasuwar manoma ta ƙarshen mako, shagunan Biocoop, kantunan kayan marmari da suke kira épicerie fine, ko Le Paon Qui Boit da aka buɗe a 2022 a gunduma ta 19 ta birnin Paris, shagon da babu kwalbar giya ko ɗaya a cikinsa. Batun teburin mai gayyata kuwa, kowa ya kai shi ga malamin da ya amince da shi. Na dai ga maƙwabtan da, in ka faɗa musu tun da wuri, sukan ajiye tasu kwalbar a wannan daren.

Sai kuma kalma. A Hausa “ruwan inabi” na da fuska biyu, don wasu da shi suke nufin giyar kanta. A nan in na ce ruwan inabi, tatacce nake nufi wanda bai tsimu ba. Wanda ya tsimu kuwa giyar inabi zan kira shi.

Ma'aunan da na yi aiki da su

Na farko, barasa, kuma tambaya biyu ce a ciki: nawa ne a kwalbar yanzu, sannan abin ya taɓa zama giya ko bai taɓa ba. Mutane kan tsaya a ta farko su manta ta biyu, alhali a wajen malamai da dama ta biyun ce ke yanke hukunci. Na biyu, kuɗi. Zan faɗa da yuro, wanda ke lissafi da sefa ya tuna yuro 1 daidai yake da sefa 655.957, wato kwalbar yuro 6 ta kusa jika 4. Na uku, jurewa: kwana nawa take yi a rufe, kwana nawa bayan an buɗe. Na huɗu, sauƙin samu da yadda take tafiya da abinci. Na biyar, haɗarin ruɗuwa da rubutun jikin kwalba.

Wannan na biyar shi ya fi cin mutane. A dokar Faransa abin sha na iya ɗauke da barasa har kashi 1.2 cikin 100 kuma a lissafa shi cikin “sans alcool”, wato mara barasa. Dokar Tarayyar Turai ma ba ta tilasta rubuta yawan barasa sai ya haura kashi 1.2 ɗin. Saboda haka rashin ganin lamba ba hujja ba ne. Lambar da kake nema ita ce 0,0 %, da waƙafi a tsakiya yadda Faransawa ke rubutawa.

Akwai kuma sunaye huɗu da ke kama da na halak amma ba su ba ne. Pétillant de raisin sunansa kamar ruwan inabi mai gas, alhali ya fara tsima, yana da barasa tsakanin kashi 1 da 3. Wanda kake nufi shi ne jus de raisin pétillant, kalmar jus ce ta raba su. Pét-nat cikakkiyar giya ce, sau da yawa cikin kwalba mai murfin ƙarfe irin na lemo da zane mai launi, abin da ke ƙara ruɗa baƙo. Cidre doux giyar tuffa ce mai zaƙi, barasarta kan kai kashi 3. Sai vin nature ko bio: waɗannan suna magana ne kan yadda aka yi noma da sarrafawa, barasarsu na nan daram. Shagon unguwa mai kayan ƙananan manoma cike yake da waɗannan huɗun, wani lokaci a kanta ɗaya da abin da kake nema.

Ruwan inabi na manomi

Wannan shi na fi so, kuma ba zan ɓoye ba. Lokacin girbi, daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, wasu manoman kan ware wani kaso na inabin da aka matse, su dumama shi nan take don kashe yis ɗin da zai mayar da sukarinsa barasa, su rufe a kwalba. Dabarar Louis Pasteur ce, wanda tun farko don kare giya daga lalacewa ya ƙirƙiro ta a shekarun 1860. A 1869 wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, ya yi amfani da ita ya tsayar da ruwan inabi kafin ya tsimu, saboda cocinsa ta samu abin sha mara maye. Ke nan abin bai taɓa zama giya ba, ko na awa ɗaya.

Abin da ya bambanta shi da na kwalin babban kanti shi ne irin inabi guda ake matsewa, kuma kowane iri da halinsa. Chardonnay da Sauvignon farare ne, suna da ɗan tsami mai wartsakarwa. Merlot ja ne mai kauri. Muscat ƙamshi ne da shi kamar an zuba turare. Daga Moissac, a kudu maso yamma, ana samun na Chasselas, inabin ci da garin ya yi suna da shi. Alain Milliat, manomin da ya fara matse 'ya'yan itatuwan gonarsa kusa da Lyon a 1997, shi ya fi yin suna da irin wannan, har manyan gidajen cin abinci na ajiye kwalabensa. Amma na manomin da ba a san sunansa ba bayan ƙauyensa yakan kamo shi a daɗi, a farashi mai sauƙi.

Kuɗinsa, gwargwadon abin da nake biya, yuro 4 zuwa 7 ne a wajen manomi, masu suna kuwa su kai 8 zuwa 10. A rufe yana shekara har fiye a wuri mai sanyi da duhu, ba ya buƙatar firji. Da ka buɗe, firji, kuma ka ƙarar cikin kwana uku zuwa huɗu. In ka ji ya fara cizon harshe ko murfin ya yi “fuss” alhali ba mai gas ka saya ba, ya fara tsima, zubar da shi. Wannan ba sabon ilimi ba ne a gare mu: a Sahihu Muslim an ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, busasshen inabi, ya sha har yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar.

Aibinsa zaƙi. Lita ɗaya na ɗauke da sukari wajen giram 150 zuwa 170, ya fi na lemon kwalba. Ba ƙari aka yi ba, doka ta hana zuba sukari a abin da aka rubuta pur jus, na inabin ne kansa. Mai ciwon sukari ya kiyaye. Kuma a kan nama ko kifi zaƙin yakan danne ɗanɗanon abinci. Maganinsa sauƙi: rabi shi, rabi ruwa mai gas mai sanyi. Da cuku ko kayan zaƙi na ƙarshe kuwa, haka nan ake shansa.

Abu ɗaya ƙarami da ba a cika faɗa ba. Don ruwan ya yi garau, wasu masana'antu na tace shi da jelatin, wanda kan iya zama na alade, kuma ba a rubutawa. Wanda ke son kauce wa wannan ya nemi mai gurɓi-gurɓi da aka rubuta non filtré ko trouble, ko mai alamar vegan, wato babu kayan dabba a cikinsa. A nan ne ƙaramin shago ya fi babban kanti: mai shagon ya san manomin, yana iya ɗaga waya ya tambaya. Namu ya taɓa yi mini haka ina tsaye.

Ruwan tuffa na gonakin Normandi da Biritaniya ta Faransa ɗan gida ɗaya ne da wannan. Ya fi araha, yuro 3 zuwa 5, zaƙinsa bai kai ba, mai gas ɗinsa yana da kyau a kofi. Haɗarinsa ɗaya ne: kwalbarsa da ta cidre kamar an tsaga kara, gona ɗaya, toshi ɗaya. Karanta kafin ka biya.

Giyar da aka cire wa barasa

Ita ce mai shago zai fara miƙo maka, don ita ce yayi, musamman tun da aka fara kamfen ɗin kaurace wa giya a watan Janairu a Faransa a 2020. Sunanta vin désalcoolisé. Ana yin giya cikakkiya tukuna, sannan a janye barasar. Hanya mafi yawa ita ce a zuba ta a tukunyar da aka zuƙe wa iska, inda barasa ke tashi a zafin digiri 30 zuwa 35 maimakon 78, don kada ƙamshin ya ƙone. Wasu kuma tacewa suke yi ta wata fata mai ƙananan ƙofofi. A Jamus aka fara dabarar tun farkon ƙarni na 20, har yau kuma Jamusawa da Sifaniyawa ne gaba a ciki. Leitz na yankin kogin Rhin da Natureo na gidan Torres suna cikin waɗanda aka fi gani.

A ƙarshen 2021 Tarayyar Turai ta ba ta matsayi a doka, ta raba ta biyu. Désalcoolisé ba ta wuce kashi 0.5. Partiellement désalcoolisé kuwa an rage ne kawai, tana iya kai kashi 6 ko 8, giya ce. Ko a cikin ta farkon ma akwai mai 0,5 akwai mai 0,0.

A ɗanɗano ita ce ta fi kusa da abin da sauran mutanen teburin ke sha, zaƙinta kaɗan, ba ta danne abinci. Mai gas da fara sun fi fitowa da kyau. Ja takan zo da ɗaci da salam-salam, ko masu sayar da ita sun yarda da haka. Kuɗinta yuro 7 zuwa 15, masu ƙawa irin su French Bloom su kai wajen 30. Da yake barasar da ke kare ta ta fita, ana zuba mata sinadaran adanawa, doka kuma ta tilasta rubuta ranar ƙarewa. In an buɗe, kwana biyu zuwa uku.

Kuma yawanci ba aikin ƙaramin manomi ba ne. Injin cire barasa ya fi ƙarfin gona mai kadada goma, sai dai a ɗauki giyar a tanka a kai masana'anta. Wanda ya shigo shagon don ya taimaki manomi ya san wannan.

Babbar maganar ita ce asalinta. Wani ya matse ta don ta zama giya, ta zama, sannan aka janye. Kwamitin fatawa na ƙasar Maleshiya a 2011 ya yanke cewa abin sha da aka yi da niyya da hanyar yin giya haramun ne, ko barasarsa kaɗan ce ko an cire ta, amma ya halatta wanda ba don giya aka yi shi ba in barasar da ta samu kanta ba ta kai kashi 1 ba. Akwai kuma hukumomin da ke ba mai 0,0 takardar halal, ana sayar da ita a wasu ƙasashen Larabawa. Saɓani ne na gaske. Ni ba na saye. Ko ban da hukuncin, ba na son ɗana ya taso ya saba da ɗanɗanonta da siffar kwalbarta. Amma ga wanda dalilinsa lafiya ne ko tuƙin mota, lissafinsa daban.

Kombucha

Shayi ne da sukari da ake barin yis da wasu ƙwayoyi su tsima shi. Yana da tsami da gas, sukarinsa kaɗan, yana tafiya da abinci mai maiƙo fiye da duk sauran, kuma ƙananan masu yinsa sun yi yawa a biranen Faransa. Ƙaramar kwalba yuro 3 zuwa 4, babba 7 zuwa 12.

Matsalarsa ita ce mai rai ne. Wanda ba a dumama ba yana ci gaba da aiki cikin kwalba, in ya bar firji barasarsa na hawa. A 2010 kantunan Whole Foods a Amurka sun kwashe shi daga kantocinsu bayan an gano wasu sun haura kashi 0.5 da doka ta yarda. Don haka lambar da aka rubuta ta ranar da aka rufe ce. In za ka yi tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa da rani, ba shi ne abokin tafiya ba. Wanda aka rubuta pasteurisé, wato an dumama shi, ya fi tsayawa inda aka bar shi.

Verjus

Ruwan ɗanyen inabi ne da aka tsinke bai nuna ba, tsaminsa tsakanin lemon tsami da tsamiya. A yankin Périgord aka fi yinsa, kuma da shi aka gina sunan mastad ɗin garin Dijon, wani yajin shafawa a abinci, a ƙarni na 18. Ba a shansa zalla. Cokali biyu cikin kofin ruwa mai gas, da ɗan ruwan inabi in kana son zaƙi, sai ka samu abin da bai da zaƙin lemo kuma bai taɓa tsima ba. Kwalba ɗaya ta yuro 8 zuwa 12 na isar tebur gaba ɗaya, ragowar ta shiga miya. Samunsa ne wuya, kuma sai ka yi wa masu gida bayanin yadda ake haɗawa.

Zoɓo na gida

Kada a manta da namu. Faransawa sun san shi da sunan bissap daga Sanagal, busasshensa na nan tuli a shagunan unguwar Château Rouge a gunduma ta 18 ta Paris. Da yuro 3 za ka cika tulu. In ka rage sukari sosai, ka sa citta da kanumfari, ka tace shi ka zuba a kwalbar gilashi, launinsa da ɗan baurinsa suna zama a kan gasasshen nama fiye da ruwan inabi. Kwana biyu zuwa uku yake yi a firji, bayan nan shi ma ya fara juyawa. Wahalarsa ita ce lokaci, sai ka dafa tun jiya. Ban taɓa kai shi wani gida ba a tambaye ni yadda ake yinsa ba.

| Zaɓi | Barasa | Ya taɓa tsima? | Kuɗi da yuro | Bayan an buɗe | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ruwan inabi na manomi | babu | a'a | 4 zuwa 10 | kwana 3 zuwa 4 | sukari, ruɗuwa da pétillant de raisin |
| Ruwan tuffa | babu | a'a | 3 zuwa 5 | kwana 3 zuwa 4 | ruɗuwa da cidre |
| Giyar da aka cire wa barasa | 0,0 zuwa 0,5 | e, giya ce tun asali | 7 zuwa 30 | kwana 2 zuwa 3 | saɓanin malamai |
| Kombucha | kaɗan, yana iya hawa | e | 7 zuwa 12 | 'yan kwanaki a firji | zafi a hanya |
| Verjus | babu | a'a | 8 zuwa 12 | makonni a firji | wuyar samu |
| Zoɓo | babu | a'a | kimanin 3 | kwana 2 zuwa 3 | ba ya ajiyuwa |

Wa ya dace da wanne

In gayyatar farko ce, ba ka san gidan ba, kuma kana son abin da zuciyarka za ta natsu da shi: ruwan inabi fari na manomi, iri guda, da kwalbar ruwa mai gas. A shago kada ka tsaya a “mara barasa”. Ka ce wa mai shagon kana son jus wanda bai taɓa tsima ba, ka duba kalmar pur jus da idonka.

In biki ne ko murnar sabon gida inda za a ɗaga kofuna, jus de raisin pétillant ko na tuffa mai gas. Yara ma za su sha tare da kowa.

In kana da ciwon sukari ko ba ka son zaƙi, verjus da ruwa mai gas, ko zoɓon da ka haɗa da hannunka ka san abin da ka zuba.

In mace mai juna biyu ce ko wanda ya daina shan giya yake tsoron komawa, a bar kombucha mai rai da duk mai lambar 0,5. Wanda ya daina sha ya bar ko mai 0,0 ɗin, don ƙamshinta na iya tayar masa da abin da ya kwanta.

In ba addini ne dalilinka ba, tuƙi za ka yi ko likita ya hana, giyar da aka cire wa barasa fara ko mai gas, mai lambar 0,0, ita za ta fi kusa da abin da ka saba.

In ɗalibi ne kai a ƙarshen wata, zoɓo. In kuma tsaraba ce za ta shiga akwati zuwa Maraɗi ko Kano, ruwan inabi da aka dumama zai jure zafin hanya. Ka naɗe kwalbar cikin tufafi, ka zaɓi wadda aka rubuta jus de raisin da manyan baƙaƙe, saboda jami'in kwastan da mutanen gida duk siffar kwalbar za su fara gani.